Ta'aziyyar Bakanike Mai Son Fijo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi ta'aziyyar wani bawan Allah da ya rasu a nan Kaduna a watan jiya. Ba ya riƙe da sarauta ko muƙamin gwamnati, don haka babu wanda ya sayi shafi ya buga hotonsa. Bakanike ne mai ƙaramin gareji da ɗan shagon kayan gyara a Kakuri. Kowa Baba yake ce masa, ni ma da haka zan kira shi. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba iyalinsa haƙuri.

Ni tsohon direba ne. Na yi ƙuruciyata ina jan Fijo 504 wagon daga tashar Kawo zuwa Kano, kuma duk ranar da motar ta yi ciwo, a hannun Baba take kwana. Bai yarda ka fara yi masa dogon bayani ba. Sai ya ce, "Tayar da ita, ka yi shiru." Ya ɗauko doguwar sukundireba, ya dafa bakinta a jikin inji, ya kara ƙotar a kunnensa. Can sai ya ɗago ya ce fulogi ne, ko kafireta ce ke neman wanki, ko kuma ringi ya tafi, ka je ka nemo kuɗi. Ya kan zaro sandar gwada baƙin mai ya murza man a tsakanin yatsunsa, ya sunsuna, sannan ya faɗa maka a gaban jama'a cewa ka yi ha'inci wajen juye. Da yawa daga cikinmu mun sha wannan kunya, ba mu kuma fasa komawa ba.

Son da yake wa Fijo ya wuce na neman abinci. Ya tashi ne a lokacin da kamfanin Fijo na PAN ya fara harhaɗa motoci a Kakuri a shekarar 1975, lokacin da 504 ta zama motar gwamnati, motar 'yan kasuwa, motar haya kuma. Idan hira ta yi daɗi, sai ya tuna maka cewa a wannan shekarar ce 504 ta cinye tseren Safari na ƙasar Kenya, a kan turɓaya da taɓo irin namu. A wurinsa wannan ya kashe duk wata gardama. Yana da tasa motar, fara sol, wadda ya ƙi sayarwa duk da tayin da aka sha yi masa. Ran Juma'a da safe da kansa yake wanke ta, ba ya barin yaro ya taɓa sitiyarin, sai dai goge taya.

Garejin ya ga zamani iri-iri. Da masaƙun Kakuri suna aiki, ƙarshen wata ba ka samun wurin ajiye mota a gabansa, domin ma'aikata sun karɓi albashi. Daga baya darajar naira ta karye bayan tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, motocin Kwatano suka cika gari. Masaƙar KTL ta rufe a 2002, sauran suka bi baya ɗaya bayan ɗaya, unguwar ta yi sanyi. A tashoshi kuma Golf da Sharon suka ture wagon ɗinmu. Abokan sana'arsa da dama sun tattara sun koma wani abu. Shi bai motsa ba. Ya kan yi wa sababbin motoci shaguɓe, wai mota ce da ba ta magana sai an jona mata kwamfuta, amma da kuɗinsa ya tura manyan yaransa suka koyo aikin na'urar, ya kuma saya musu ita.

Akwai wani littafi mai baƙin bango da yake ajiyewa a aljihun tebur. Na bashi ne. Direban da motarsa ta mutu ba shi da ko sisi, Baba zai ba shi kuloci ko birki ya rubuta, ya ce ya je ya yi lodi ya kawo. Kayan jabu kuwa ba ya shiga shagonsa. Gara ya aika yaro kasuwar Panteka ya nemo tsohon ƙarfe na asali. Ba na cewa ba shi da aibu. Yana da zafin rai, yaran gareji sun sha faɗa, wani lokaci har da wanda ba su ci ba. Amma ka zaga garejojin Kaduna ta Kudu ka tambaya, za ka tarar da ogogi da dama waɗanda shi ya yaye su.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, Malam Edita, shi ne halin da wurin yake ciki yanzu. Filin haya ne, babu takarda, amana ce kawai tsakaninsa da mai fili. Tun kafin a yi sadakar arba'in an fara maganar sayarwa, ga kuma yara masu koyon aiki da ba a yaye ba, wasu iyayensu daga ƙauye suka kawo su. Haka ƙananan sana'o'inmu suke ƙarewa, ranar da aka binne mai su. Ina kira ga reshen ƙungiyar kanikawa ta NATA da ya raba yaran nan ga wasu garejoji su ƙarasa koyo, kada su watse su koma zaman banza.

Kai kuma ina roƙon ka tura wakilinka Kakuri da Panteka ya zauna da tsofaffin kanikawan da suka rage, ya rubuta tarihinsu tun suna iya bayarwa da bakinsu. Idan ya zo, ya nemi tsofaffin direbobin Kano a tashar Kawo, za mu raka shi.

Naka,
Wani tsohon direba,
Kawo, Kaduna.