Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, kan mamatan korona da katin jam'iyya a Amurka

Mai girma Minista, assalamu alaikum. Ranka ya daɗe.

Na san aikin da ke gabanka ya fi wannan gaggawa, amma ina roƙon ka ba ni aron kunne kan wasu alƙaluma daga Amurka. Ana ta yawo da su a bakin 'yan boko da 'yan siyasa, kowa na jan su zuwa inda yake so, kuma a gwamnatin nan ban ga wanda ya fi ka sanin abin da ke ƙarƙashinsu ba.

Maganar da ake yi ita ce korona ta fi kashe 'yan Rifablikan, jam'iyyar Donald Trump, a kan 'yan Dimokrat, jam'iyyar Joe Biden. Da gaskiya a ciki, sai dai ba yadda ake faɗa ba. A Maris da Afrilun 2020 mutuwa ta fi yin ɓarna ne a New York da sauran manyan biranen da Dimokrat ke lashewa, inda jama'a ke cunkushe a jirgin ƙasa da dogayen benaye. Har motocin sanyi aka jera a bakin asibitoci saboda gawa ta yi wa ɗakunan ajiya yawa. Da a lokacin aka yanke hukunci, da Dimokrat aka ɗora wa laifin.

Sai da allurar rigakafi ta wadata sannan reshe ya juye. A Disamban 2021 gidan rediyon NPR ya fitar da ƙididdiga cewa daga watan Mayun shekarar, mazauna gundumomin da suka ba Trump kashi 60 cikin 100 ko fiye a zaɓen shugaban ƙasa na 2020 sun fi mazauna gundumomin da suka ba Biden irin wannan rinjaye haɗarin mutuwa da korona ninki 2.7. Adadi ne mai tayar da hankali, amma ni da nake koyar da lissafi, a nan nake cewa ɗalibaina su dakata. Gunduma ba mutum ba ce. Inda aka ba ɗan takara kashi 60, akwai 40 da ba su zaɓe shi ba, kuma ba a rubuta a jikin likkafani wa mamaci ya jefa wa ƙuri'a. Ga shi kuma gundumomin Trump yawancinsu karkara ne: tsofaffi sun fi yawa, ciwon suga da ƙiba sun fi yawa, asibiti ya fi nisa, wasu ma an rufe su tun kafin annobar. Kowanne daga cikin waɗannan zai iya ɗaga adadin mamata ko da babu jam'iyya a duniya.

Binciken da ya fi kusantar amsa shi ne na wasu malamai uku a Jami'ar Yale, Jacob Wallace da Paul Goldsmith-Pinkham da Jason Schwartz, wanda ya fito a 2023. Su ba gunduma suka ƙirga ba, mutane suka bi ɗaya bayan ɗaya. Sun ɗauki rajistar masu zaɓe ta jihohin Ohio da Florida, inda ake sanin jam'iyyar mutum, suka haɗa ta da rajistar mamata sama da 500,000, suka auna mace-macen da suka haura abin da aka saba gani. Kafin rigakafi, tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ba ta taka kara ta karya ba. Daga Afrilun 2021, da aka buɗe allura ga duk baligi, rarar mace-mace a cikin 'yan Rifablikan ta haura ta 'yan Dimokrat da kashi 43 cikin 100. Tazarar ta fi faɗi a gundumomin da aka fi ƙaurace wa allurar, kuma ta fi fitowa a Ohio. Su kansu masu binciken ba su da bayanin wanda ya yi allura da wanda bai yi ba a cikin mamatan, kuma jihohi biyu ne kacal cikin 50. Duk da haka, lokacin da tazarar ta ɓullo shi ne babbar shaida, don tsufa da zaman karkara ba a Afrilun 2021 suka fara ba.

Abin da na karanta a ciki shi ne katin jam'iyya bai kashe kowa ba. An mayar da allura alamar mubaya'a ne, ƙin ta ya zama hanyar nuna ɓangaren da mutum yake. Kuma wutar ta fi ƙarfin masu gidan: a zamanin Trump aka zuba kuɗin gaggauta samar da rigakafin, amma da ya faɗa wa magoya bayansa a Dallas, a Disamban 2021, cewa ya yi allurar ƙari, wasunsu ihu suka yi masa.

Ranka ya daɗe, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinka. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan inna, ba a dawo ba sai Yulin 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20. Masu kallo daga nesa suka ce addini ne ko jahilci, suka manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano a 1996 a kan yara 200 masu sanƙarau, da kuma tsamin da ke tsakanin jihar da Abuja bayan zaɓe. Da ka riƙe hukumar lafiya matakin farko daga 2008, ba gori ka yi wa kowa ba, wurin Sarkin Musulmi da sarakuna ka je. Masu amfani da alƙaluman Amurka don yi wa abokan hamayya dariya, hanyar da ka guje wa ita suke bi.

Abin da ya fi damuna shi ne Amurkawa sun iya yin wannan gardama ne saboda suna rubuta mamatansu. Mu fa? A Afrilun 2020, masu haƙar kabari ne suka fara sanar da duniya cewa mutuwa ta yi yawa a Kano. Sai daga baya aka bi gidaje ana tambayar dangi, Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 na iya zama korona ce sanadi. Ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, adadin mamatan koronarta a hukumance 3,155 ne. Wa ya yarda da wannan?

Roƙona shi ne ka zauna da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da gwamnoni, a sa littafin rajista a kowace maƙabarta da hannun kowane mai unguwa: suna, shekaru, rana, da ciwon da dangi suka gani. Kuma in an tattara, a riƙa fitar da shi kowane wata ga kowa, ko jihar ta jam'iyya mai mulki ce ko ta adawa, tun kafin kakar zaɓen 2027 ta yi zafi.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin lissafi daga Zariya