Yayar mijina ce ke makara, ni ake yi wa faɗa

Assalamu alaikum Anti,

Ina gaishe ki da aiki, tare da duk waɗanda ke taya ki gabatar da wannan fili. Don Allah a sakaya sunana, domin wadda zan kawo ƙararta tana cikin masu sauraronki na kullum, kuma shirinki yana cikin abubuwan da ba ta yarda su wuce ta ko da minti ɗaya.

Ni matar aure ce a nan cikin birnin Kano, ina da yara ƙanana. Sana'ata ƙunshi da gyaran jikin amare: jan lalle, baƙi, dilka, halawa da turara jiki. Yayar mijina ce ta koya mini, Yaya muke ce mata. Ita ta kama hannuna ta nuna mini yadda ake kwaɓa lalle ya yi danƙo, da yadda ake yanka salatif a fitar da zane a ƙafa. Kuɗin da na fara sayen kaya da su a Kasuwar Kurmi daga jakarta suka fito, har yau ba ta taɓa tayar da zancensu ba. Yawancin gidajen da muke zuwa aiki ma ita suka sani, ta hannunta ake kiran mu. Na faɗi wannan ne tun farko don kada a ɗauke ni butulu. Matsalata da ita guda ce tak: Yaya ba ta fitowa a lokacin da muka yi da ita, kuma duk abin da lattinta ya jawo a kaina yake ƙarewa.

Wanda bai san aikinmu ba zai ga kamar awa ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Ƙunshi ba ya son gaggawa. Sai an wanke ƙafa ta bushe, a manna salatif, a shafa lalle, a ɗaure da leda, sannan a zauna jiran ya kama, wanda shi kaɗai yakan ci awanni. In lokacin hunturu ne ma ya fi nawa, don lalle ɗumi yake so. Bayan an cire sai a hau zanen baƙi a hannu, shi ma a jira ya bushe, amarya ba ta taɓa komai, ko ruwa sai an ba ta a baki. Kuma ba a taɓa gamawa da amarya a tashi. Ga ƙawaye, ga ƙanne, ga gwaggon da za ta miƙo hannu ta ce a ɗan sa mata a farce kawai. In muka fara da ƙarfe goma na safe, da la'asar sakaliya mun kammala. In kuwa sai bayan azahar muka fara, to isha'i a gidan mutane za ta same mu, wani lokacin har ta wuce sosai.

Sharaɗin da maigidana ya gindaya mini kafin ya bar ni in fara fita shi ne magariba ta yi mini a gida. Ban ga laifinsa ba. Yara suna tasowa daga Islamiyya wajen ƙarfe shida, maƙwabciyata ce ke riƙe mini su, ita ma da nata hidimar. Ga girkin dare. Ga kuma hanya: tun 2022 da aka sa dokar hana adaidaita sahu zirga-zirga daga ƙarfe goman dare a Kano, da tara ta gota za ki ga kowane direba ya kama hanyar unguwarsu. Wanda ya tsaya miki sai ya ce shata, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin shata daga Hotoro ko Sharaɗa zuwa cikin gari yakan cinye rabin abin da na samu a ranar. Mace da jakar kaya a bakin titi da dare, ba sai na yi miki bayani ba.

Yadda abin yake tafiya kusan kullum iri ɗaya ne. Da daddare za mu yi waya, ita da bakinta za ta ce ƙarfe tara mu haɗu a bakin titi, kada in makara. Ni kuwa daga sallar asuba ba na komawa. In ɗora abin kari, in yi wa yara wanka, in dafa na rana in zuba a kula, in haɗa kayan aiki. Tara saura ina tsaye inda muka yi. In na kira sai ta ce, "Ga ni nan." In na sake kira, "Ina hanya," alhali ina jiyo ƙarar ruwa a bokiti ta cikin wayar. Can sai ita ta kira ta ce in ƙaraso gida kawai mu fita tare. In na je sai in tarar ta yi baƙuwa suna hira, ko yanzu za ta yi walaha, ko ana neman mayafin da zai shiga da atamfa. Ba ta taɓa cewa in yi haƙuri ba, don a wurinta babu abin da ya faru. Abin da take cewa shi ne, "Ke dai kin cika garaje, sauri ya haifi nawa."

Na gwada yin gaba ni kaɗai don in rage aiki kafin ta iso. Uwar amarya ta dube ni ta ce, "Ina Hajiyar? Bari dai ta zo," na zauna a tsakar gida zaman jiran gawon shanu. Da Yaya ta iso ta ji na riga ta, sai ta yi dariya a gaban mutane ta ce, "Au, har kin fara yaye kanki ke nan?" Wasa ta yi, amma duk wanda ke wurin ya gane saƙon, ni ma na gane.

Anti, abin da ya fi ci mini rai shi ne na tabbata Yaya ta iya cika lokaci. Da za ta je Abuja ta jirgin ƙasa, da duku-duku ta bar Kano, ta isa tashar Rigasa a Kaduna tun ba a fara shiga ba, ta zauna tana jira ba ƙorafi. Da za ta tafi Umara ita ta riƙa azalzalar kowa a fita filin jirgi na Malam Aminu Kano da wuri. Da azumi kununta da ƙosanta suna kan tabarma kafin ladan ya buɗe baki. Kuma ranar da aikin na 'yar wani babban mutum ne a Nasarawa, ita ke tashi na da waya, tana tambaya ko na shirya. Sai in aikin na cikin lungu ne, ko kuma ni kaɗai ce ke tsaye a rana, sannan agogo yake ɓace mata. Wato tana auna wanda za a iya shanyawa da wanda ba za a iya ba, ni kuma ta sa ni a sahun farko. Ban ce da gangan take yi don ta wulaƙanta ni ba. Ina ganin ko tunanin abin ba ta yi, kuma wannan ɗin ne ma ya fi ciwo.

Na san ba ita kaɗai ba ce, ruwan dare ne. Dubi katin biki. A rubuta kamu ko yini ƙarfe biyu, ba wanda zai leƙo sai bayan la'asar. Masu biki sun rubuta biyu ne don sun san sai huɗu za a zo, masu zuwa kuma suna zuwa huɗu ne don sun san biyun ba gaskiya ba ce. Wadda ta gaskata katin ita ce za ta je ta taya masu jera kujeru aiki. Amma ɗaurin aure fa? Namijin da ya makara da rabin awa sai dai ya tarar ana gaisawa ana raba alewa da goro, don liman ba ya jiran kowa, shi ya sa za ki ga maza suna sauri da babbar riga a kafaɗa. Haka sallar Idi, haka ɗalibin da zai rubuta JAMB. Duk inda aka san za a tafi a bar mutum, yana zuwa da wuri. Mu da ba mu da ƙofar da za mu rufe, mu ake bari a tsaye.

Amaren ma suna nasu. Ki je ki tarar amarya ta tafi wajen gyaran gashi, ko tana gidan tela tana rigima a kan ɗinkin da bai gama ba, a ce miki yanzu za ta dawo. Da ni kaɗai nake aiki da na san yadda zan yi da su. Amma da wane baki zan ce wa amarya ta ɓata mini lokaci, bayan mu ma sai sha biyu muka sallama?

Asarar ba ta tsaya a ɓacin rai ba. Ranar da za ta ɗauki aiki biyu, ɗaya take ɗauka. Akwai matan unguwarmu da suke son in yi musu ƙunshi da yamma a gida, na sha ce musu su zo bayan la'asar, su zo su tarar ba na nan, yanzu wasu sun koma wurin wata. A idonsu ni ce marar alkawari, kuma ba zan iya tsayawa ina ce musu laifin yayar mijina ne ba.

Sai kuma maigida. In na kai masa kuka da rana sai ya ce, "Yaya ce fa, ki yi haƙuri, haka take tun muna yara." In na dawo da dare kuma ya haɗe rai, ya ce in dai haka za a ci gaba to in ajiye sana'ar. Ita ba zai iya yi mata magana ba, don ita ta goya shi, ita ta tsaya masa a karatu bayan rasuwar mahaifinsu. Na fahimci nauyinta da yake ji. Abin da ban fahimta ba shi ne yadda mutum ɗaya zai hana ni yin magana da safe, ya kuma tuhume ni da sakamakon shirun da daddare. Surukata kuwa da zancen ya je kunnenta a kaikaice, cewa ta yi yaro ba ya ƙosawa da jiran babba.

Na nemi shawarar mutane kafin in rubuto miki, ba wadda ta kwanta mini. Wata ƙawata ta ce in riƙa rage mata lokaci, in amarya ta ce goma in ce wa Yaya takwas. Da farko dai ita ke karɓar aikin, ta fi ni sanin lokacin. Ko da ma ni ce, ƙarya ce, kuma irin ta katin bikin nan ce, da ta gane sai ta ƙara awa biyu a kan lattinta. Ƙanwata ta ce in ware in kama kaina, tun da hannuna ya faɗa. Ina iyawa, ba yabon kai ba, wasu amaren ma zanena suke nema. Amma kin san dangin miji. Ranar da na ware, ba wanda zai ce latti ne ya raba mu, cewa za a yi ta ci ta ƙoshi ta yi wa mai koya mata butulci, kuma a gidan nan zan ci gaba da zama, da su zan yi biki da suna. Malamarmu ta Islamiyya kuma ta karanta mana hadisin alamomin munafuki guda uku, wanda saɓa alkawari yana ciki, ta ce sa wa mutum lokaci alkawari ne kamar kowane. Na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Sai dai ban ga ranar da zan zauna gaban Yaya in karanta mata wannan hadisin ba, in dai ina son aurena.

To Anti, ga inda nake neman ki haska mini. Ta wace hanya ƙaramar da aka yi wa alheri za ta gaya wa babba cewa tana cutar da ita, ba tare da an ce ta yi rashin kunya ba? Ni zan same ta da kaina mu biyu, ko in bi ta wurin wata aminiyarta da take jin maganarta, ko kuwa in dage lallai ƙaninta ne ya kamata ya yi, tun da shi ya sa dokar magariba? In kin ga ni ya kamata in yi, ki taimaka ki faɗa mini kalmomin da zan fara da su, don duk lokacin da na shirya magana, da na ga fuskarta sai in ji bakina ya yi nauyi.

Na kuma yi tunanin in roƙe ta mu raba aikin: ta riƙa kiran gidan amarya tun da dare ta ce ta turo ni in fara, ita ta zo daga baya ta duba ta ƙarasa, kasonta yana nan yadda yake. Ta haka girmanta bai taɓu ba, ni kuma na samu in dawo gida da haske. Amma ina tsoron kada ta ɗauka dabara ce ta janye mata mutane. Kina ganin in gwada? Sannan su amaren da ke shanya mu, ya halatta in ce duk wadda ta wuce awa ɗaya za ta ƙara kuɗi, ko hakan zai zama cin haƙƙi tun da ba a saba ba?

In da hali a karanta wasiƙar nan da wuri. Bukukuwan kafin azumi sun matso, Yaya ta riga ta karɓi ayyuka da dama, maigida kuma ya ce wannan karon in na sake kaiwa isha'i a waje shi ke nan.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Taki,
Mai ƙunshi, daga cikin birnin Kano