Famfas ɗin Inna da zafin bazara

Birnin Kudu, Jihar Jigawa

Ƙawata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya jikin Inna? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Saƙonki ya iso, cewa tun da bazara ta shigo take ƙorafin famfas ɗin na dafa ta, har matsematsinta ya yi ja.

Abin da ke cin fatar danshi ne. Gumi da fitsari su haɗu, leda ta rufe su, ga zafin Afrilu da kan haura digiri 40 a wajenku can Maigatari. Fata ta jiƙa ta yi laushi, ɗan gogayya kaɗan sai ta saɓule. Saboda haka a irin wannan lokaci kada famfas ya wuce awa 3 zuwa 4 a jikinta da rana, in kuwa bayan gida ne, a cire nan take. Na san tsadarsa, kuma na san shi ya sa ake barinsa tun safe har la'asar. Amma kuɗin jinyar gyambo ya fi na famfas nesa ba kusa ba.

Ga inda za ki rage kashe kuɗin: duk canji, ki bar ta minti 15 zuwa 20 babu komai. Shimfiɗa leda a ƙasa, ki ɗora tsohon zanin atamfa ninki biyu a kai, ki rufa mata wani mara nauyi don sutura. Kada fatarta ta taɓa ledar. Da rana tsaka, in kina kusa, wannan shimfiɗar ma ta isa na awa ɗaya ko biyu.

Wajen wanki, ruwan randa ya wadatar, da sabulu mara ƙamshi in ta yi bayan gida. Ki goge daga gaba zuwa baya, don kada ƙazanta ta shiga mafitsara. Ki tsane da tsumma mai laushi, dannawa ake yi, ba dirzawa ba, ki buɗe duk lanƙwasar cinya ki yi mata fifita da mafici har ta bushe ƙarau. Sannan ki shafa man zinc oxide, ana samunsa a kemis, ko basilin, amma ɗan kaɗan kawai. In kika lafta, man zai toshe fuskar famfas ɗin ya hana shi shan fitsari. Hoda kuwa ki bar ta, da ta gamu da gumi sai ta cure a lungu ta riƙe danshi.

Kada ki haɗa famfas biyu don gudun yoyo. Na cikin bayansa leda ce, fitsari ba ya ratsawa zuwa na wajen, sai dai ya zubo ta gefe, zafi kuma ya ninku. Yoyo yawanci daga girman famfas ne. Ki ari tef ɗin tela ki auna ƙugunta, ki duba santimitar da ke jikin fakiti. In kin ɗaura, yatsu biyu su shiga a ƙugu, kuma ki zaro ɗan tattaran da ke kewaye da cinya waje. In da hali, ki nemi mai baya kamar yadi, ya fi mai santsin leda shan iska.

Wani abu da tsofaffi ke yi a ɓoye: su daina shan ruwa don kada su wahalar da mai jinya. Ki sa ido. Fitsarin da ya yi kauri ya fi ƙona fata, ya fi wari. Ta samu kamar lita 2 a yini, wato ledar fiya wata 4, kurɓi-kurɓi, sai in likita ya ƙayyade mata saboda zuciya ko ƙoda. Shayin dare a rage.

Ɗakin kwanon nan kuma, a fito da ita daga ciki kafin azahar, zuwa ɗakin ƙasa ko inuwar darbejiya. Tunda ɓarin jikinta ɗaya ba ya motsi, a juya ta duk bayan awa 2, ki riƙa duba ƙashin gindin baya da ƙugu da dunduniya.

In jan ya yi jawur, da ƙananan ƙuraje a gefensa da ƙaiƙayi, ƙwayar cuta ce dangin mai sa makero ta kama wurin, basilin ba zai yi ba, sai man shafawa irin su clotrimazole, kuma a auna mata suga. In kika ga zazzaɓi, ko ta rikice tana surutai, ko wurin ya fashe, ku tafi asibiti a ranar.

Famfas ɗin da aka cire, ki naɗe ki ƙulle a leda a binne da zurfi. Kada a jefa a masai, kumbura yake ya cika ramin, kuma kada a bar shi inda awaki za su kai baki.

Ki gaishe min da Inna ƙwarai, da Yaya da yaran.

Taki har kullum,
Ƙawarki