Wasiƙa Zuwa Ga Aminina A Kumasi

Zariya.

Assalamu alaikum, aminina. Ina fata kana lafiya, da kai da iyali da jama'ar Zango. Ya sana'a, ya baƙunta?

Saƙonka ya iso ni, na kuma ji ɓacin ranka kan yaron shagonka da ya ajiye almakashi ya tafi bayan ka yi masa faɗa a gaban masu kaya. Ka ce gaskiya ka faɗa masa. Ban musa ba, na san idonka a ɗinki tun muna yara a shagon maigidanmu a cikin birni. Amma bari ka ji abin da ya same ni gab da babbar salla.

Kusan shekara 2 ina ƙorafi cewa mabuga ne ke ɓata mini aiki. In na gama babbar riga na kai bugu, sai ta dawo gefen aljihun ya tattare, ni kuwa na ɗora musu laifi. Wani abokin sana'armu ya taɓa cewa a majalisa, da ƙarfi, ana shan shayi, wai hannuna ne matsalar. Ranar har rantsuwa na yi, na ce hassada ce. Kunya ta hana ni ko duba maganar.

To, na kai wata farar shadda mai aska takwas, wadda na yi sati 5 a kanta. Dattijon mabugin bai ce komai ba sai da yaransa suka fita cin abinci. Sannan ya shimfiɗa rigar a kan gungumen, ya kama hannuna ya bi da tafina kan aikin. Ya ce, "Ɗana, allurarka ba ta kauce zane ko sau ɗaya ba, irin wannan hannu ya yi ƙaranci yanzu. Amma taɓa nan." Na taɓa, na ji yadin ya ɗan taso kamar kunya a gona. Ya ce, "Kana jan zare kamar mai ɗaure akuya. Sassauta masa, yadi ma yana son numfashi."

Wallahi maganar ɗaya ce da ta majalisa, babu ragi babu ƙari. Amma a nan ba ni da wanda zan kare kaina a gabansa, kuma hannuna ne ya shaida. Na koma gida na warware gefen, na kwana 3 ina sakewa. Da aka buge ta sai ta kwanta lif. Washegari na je na nemi gafarar mabugan, har da wancan abokin namu, wanda na riƙe a zuci ba gaira ba dalili.

Yanzu ni ma zan ce maka gyara kayanka, kuma ka san ba sauke mu raba nake nufi ba. Kai mutum ne mai son yaransa su iya aiki, shi ya sa kuskurensu ke ƙona maka rai. Sai dai harshenka na da kaifi, kuma ba ka zaɓar lokaci. Yaron da aka tsawata masa a gaban baƙi, hankalinsa na kan idon mutane, bai ma ji abin da aka ce game da wuyan rigar ba.

Ka neme shi a gidansu bayan la'asar. Ka tafi da rigar da ya ɓata, ka fara nuna masa inda ya yi daidai, sannan ka ba shi ya gano karkacewar da kansa. In ya kawo uzuri ka saurara, wataƙila awon da aka ba shi ne ba daidai ba. Ka rubuto mini yadda kuka ƙare.

Inna tana gaishe ka, ta ce har yau tana jiran goron da ka yi mata alkawari. A shafa mini kan yara.

Naka amini har kullum.