Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Kan Ƙurar Da Ke Kwana A Ɗaki

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da angona. Mu nan alhamdu lillahi, sai dai bujin da ya taso tun shekaranjiya bai lafa ba, rana ma kamar faifai ake hango ta.

Jiya da muna waya na jiyo tarin yaron nan, kika ce ai kin rufe ƙofa da tagogi, ba ya fita. Shi ya sa na zauna rubuto miki, don a waya ba kya bari in kai aya. Rufe ɗaki yana da amfani sa'ad da iska ke kaɗawa, amma wannan ƙura ba irin ta tsakar gida ba ce. Yawancinta daga kwarin Bodele take tasowa, can arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe. Mai nauyin tana zubewa a hanya, mai laushin ce ke iso mu, har da wadda sai an jera ƙwayoyinta kusan 30 kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Ta ƙarƙashin ƙofa take shiga, ta kwanta a labule da kafet da gidan sauro. Gari zai washe, ita tana nan ɗakinki. Gashin hanci ba ya tare ta, sai cikin huhu, ga shi yaro ya fi babba saurin numfashi, kuma a ƙasa yake wuni yana rarrafe.

Saboda haka kada ki hau ɗakin da busasshiyar tsintsiya, tayar da ƙurar kawai za ki yi ku shaƙa. Ki miƙa yaron maƙwabta tukuna, ki yayyafa ruwa, ki bi kujeru da kan kwaba da jiƙaƙƙen tsumma. Labulen a wanke. Kafet ɗin nan da kike ji da shi, na san kayan aurenki ne, amma ki naɗe shi sai damina. Hazo na yin sauƙi ki buɗe tagogi iska ta ratsa.

Sai batun hayaƙi, wanda ya fi damuna. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa a rufaffen ɗaki, ƙari ne a kan ƙura. Gawayi kuwa kisa yake yi. Kina goye, wani hunturu na shigar da kaskon wuta ɗaki na rufe ƙofa don kada ki ji sanyi. Cikin dare na farka kaina kamar zai tsage, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata, da rarrafe na kai ƙofa. Iskar da garwashi ke fitarwa ba ta da wari, ba a ganinta. Haka ma ta janareto, kada maigidanki ya ajiye shi a baranda kusa da taga.

Ki riƙa duba ƙirjin yaron idan yana barci. Tunda bai cika shekara ba, in ya kai numfashi 50 a minti ɗaya, ko kika ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya ƙi nono, to asibiti, kada ki tsaya jiƙe-jiƙe. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya ko kumburin maɗiga ma haka. Lokacin ƙura da bushewar hanci ne sanƙarau ke yawo, mu da muka ga na 1996 ba ma wasa da shi. Ki ɗauko katin rigakafinsa ki ga ko akwai allurar da ta wuce ku.

Zan ba direba man kaɗanya ranar Asabar, ki riƙa shafa masa a ƙafa da leɓe. Babanki na gaishe ku, shi ma asmarsa ta motsa, na hana shi zaman ƙofar gida, yana ta mita.

Taki,
Umma