Maganar autarmu ce ta hana ni barci

Ƙawata,

Shiru kamar an aiki bawa garinsu! Wata huɗu ko kira babu, amma sabbin hotuna kam kullum ina gani, ai shi kenan. Ni dai magana ce ta cika min ciki.

Daren jiya autarmu ta shigo ɗakina ta zauna bakin gado tana ta murza yatsunta, can ta ce Yaya ni fa tunda nake ban taɓa jin sha'awar kowa ba, in ƙawayena na hirar wane ya haɗu ji nake kamar wani yare suke yi. Ni kuma na yi saurin cewa ai lokaci ne, in kin samu wanda ya dace za ki ji. Wallahi yadda idonta ya ciko har yanzu abin na cina. Shekararta 26 fa, ta fi ni sanin kanta.

Sai ta miƙo min wayarta in karanta. Ashe abin har suna gare shi, aseksuwal. Wani malamin jami'a a Kanada, Anthony Bogaert, ya bi amsoshin mutanen Birtaniya sama da 18,000, a 2004 ya fitar cewa kusan mutum 1 cikin 100 sun ce ba su taɓa jin sha'awar kowa ba. Abin da ya fi kwantar min da hankali, littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM-5 na 2013, bai sa wanda ya san haka halittarsa take cikin masu ciwon rashin sha'awa ba. Kuma daban yake da kame kai, mai kamewa yana ji ne yake dannewa, ita babu ma abin dannewar. Soyayya kuwa tana so, a damu da ita, a yi hira, a yi kewar juna, wancan ɓangaren ne dai shiru.

 

Tsorona Mama, kin san ta, asibiti za ta fara ambata. Ba wanda ya sani sai ke, autar ce ma ta ce in gaya miki. Dan Allah ki kira ta, ban da nasihar nan taki mai tsawo, ki saurare ta kawai.

Ki shafa min kan yaran.

Taki har kullum