Wa ya kamata ya ɗauki nauyin kai 'yan kallo filin wasa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu domin in taɓo wani ɓangare na harkar ƙwallon ƙafa da masu sharhi ba su cika waiwaya ba, wato yadda ɗan kallo yake zuwa filin wasa ya koma gida, da irin abin da wannan zirga-zirga take lashewa a aljihunsa, da kuma illarta ga muhalli.

Duk wanda ya saba bin ƙungiyarsa zuwa wasan waje ya san cewa tikitin shiga fili ba shi ne babban nauyi ba. A Ingila, tun daga kakar 2016/17 ƙungiyoyin gasar Firimiya suka amince kada tikitin magoya bayan baƙi ya wuce fam 30, bayan da 'yan kallo suka daɗe suna matsa lamba. Mataki ne mai kyau, sai dai bai rage ko kwabo daga kuɗin jirgin ƙasa ko na man mota ba. Abin da ya fi ciwo shi ne yadda ake sauya ranar wasa domin biyan buƙatar gidajen talabijin, a wani lokaci bayan mutum ya riga ya yanki tikitin jirgi mai rahusa. Idan aka mayar da wasan Asabar zuwa daren Litinin, kuma aka tashi bayan jirgin ƙarshe ya wuce, to an tilasta wa ɗan kallo ko dai ya tuƙa motarsa cikin dare ko ya biya kuɗin masauki, alhali ba a nemi shawararsa ba.

Abin da ya faru a watan Afrilun 2022 ya isa misali. An haɗa Liverpool da Manchester City a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA, kuma dukansu daga arewa maso yammacin Ingila suke, amma aka dage sai an buga a Wembley da ke Landan, a ƙarshen makon Ista, lokacin da gyaran layin dogo ya hana jiragen ƙasa zuwa kai tsaye daga biranen biyu. Magoya baya sun nemi a sauya fili, ba a saurare su ba, sai hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta ba da motocin bas 100 kyauta, ga filin da ke ɗaukar mutum 90,000. Kafin nan, a 2019, Arsenal da Chelsea, maƙwabtan juna a birni ɗaya, sai da suka je har Baku ta ƙasar Azarbaijan domin wasan ƙarshe na kofin Europa, kuma da yawa daga magoya bayansu suka haƙura da tafiyar saboda tsada da nisa.

A nan ne nake ganin akwai rashin adalci a yadda ake maganar muhalli. Gaskiya ne cewa a manyan gasa, tafiye-tafiye ne suke haifar da mafi yawan hayaƙin da ke ɗumama yanayi, don haka ake ta kiran 'yan kallo su ajiye motocinsu, su guji jirgin sama. To amma wa ya zaɓi nisan? An tsara gasar cin kofin duniya ta 2026 da ƙasashe 48 da wasanni 104 a birane 16 na Amurka da Kanada da Meziko, kuma babu ɗan kallon da ya sa hannu a wannan tsari. Wanda ya yanke wuri da lokaci shi ya yanke irin abin hawan da za a shiga.

Jamus ta daɗe da nuna wata hanya. A yawancin ƙungiyoyin Bundesliga, tikitin shiga fili shi ne kuma tikitin bas da jirgin cikin gari a ranar wasa, domin an riga an cusa kuɗin sufurin a cikinsa bisa yarjejeniya da kamfanonin sufuri na yankin. A gasar ƙasashen Turai ta Euro 2024 da aka yi a Jamus an faɗaɗa wannan, aka ba mai tikiti damar hawa na awa 36. Na san za a ce ai Rasha a 2018 da Ƙatar a 2022 su ma sun yi jigilar 'yan kallo kyauta a gasar cin kofin duniya. Haka ne, amma wancan hidimar wata guda ce da gwamnati ta ɗauka domin fita kunyar baƙi, shi kuwa tsarin Jamus kowane mako yake aiki, kuma bai dogara da alfarmar kowa ba.

Ba na musun cewa tsarin yana da gyara. Wanda ke zuwa fili da ƙafa yana biyan kuɗin hawan da bai yi ba, kuma inda babu jirgin ƙasa ko bas mai tsayayyen lokaci, yarjejeniyar ba ta da abin dogaro. A irin wannan wuri nauyin yana komawa kan ƙungiya, ta yi hayar manyan motoci daga kuɗin talla da na haƙƙin nuna wasa, tunda bas guda yana ɗauke mutanen da ƙananan motoci fiye da goma za su kwasa.

Roƙona ga wakilanku na wasanni shi ne, duk lokacin da hukumar gasa ta fitar da jadawali ko ta sauya lokacin wasa, su tambaye ta ƙarfe nawa abin hawa na ƙarshe yake barin garin, kuma wa zai biya wanda ya riga ya yanki tikiti.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka mai karatu a kullum.